Wamakko da kujerar sanata: ƙarfin yana Sakkwato, aikin yana Abuja

Ƙuri'a 342. Da wannan tazara aka raba gardamar kujerar gwamnan Sakkwato a watan Maris na 2019, bayan zaɓen farko ya tashi babu gwani, aka koma zagaye na biyu a rumfunan da aka soke. Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya samu 512,002, Ahmed Aliyu na APC ya samu 511,660. A jihar da aka kaɗa ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, ratar ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfa guda ba. Wanda ya kwana da rediyo a kunne a wannan dare ya san cewa sunaye biyu ne a kan takarda, amma a bakin jama'a karawar tsakanin Tambuwal ce da mutumin da ko sunansa babu a takardar: Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda tun a watan Fabrairu ya riga ya lashe tasa kujerar ta sanatan Sakkwato ta Arewa.

Abin da ya kamata a tsaya a duba ke nan. Mutum yana sanata, ɗaya daga cikin 109, ba shi da baitulmali, ba ya naɗa kwamishina, ba ya rattaba hannu a kan kwangilar ko da kwalbati, amma saura ƙiris ya tumɓuke gwamna mai ci. Bayan shekara huɗu kuma ɗan takararsa ya karɓe jihar. Daga ina wannan ƙarfi yake fitowa, kuma mene ne rabon kujerar majalisa a cikinsa? A ganina kujerar ba ita ce ta haifi ƙarfin ba. Ita dai rumfa ce da ake ajiye shi a inuwa don kada rana ta cinye shi. Kuma wannan yana da tsada, wadda mutanen mazaɓar ne ke biya.

An haifi Wamakko a 1953 a garin da yake ɗauke da sunansa, a gefen birnin Sakkwato. Ya fara da koyarwa, ya yi karatun digiri a Pittsburgh ta Amurka, ya dawo ya shafe shekaru a aikin ƙananan hukumomi da na gwamnatin jiha. Mutane sukan tsallake wannan ɓangare da sauri, alhali a nan aka haƙa harsashin komai. Wanda ya yi aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san hakimi da dagaci da sunayensu, ya san wace zuriya ce ba ta ga-maciji da wace, ya san wanda idan ya yi magana a ƙauye an gama. Irin wannan sani ba a karanta shi a takarda, zama da mutane ne ke kawo shi. Da shi ya shiga siyasar jamhuriya ta huɗu a 1999 a matsayin mataimakin Gwamna Attahiru Bafarawa a jam'iyyar APP, wadda daga baya ta koma ANPP.

Mataimakin gwamna a Najeriya ɗan rakiya ne, sai abin da maigida ya ga dama ya miƙa masa. Zaman ya yi tsami a zango na biyu, Wamakko ya ajiye muƙamin a 2006 ana tsaka da takun saƙa. A lokacin da yawa sun ɗauka tasa ta ƙare. Sai ga shi ficewar ce ta zama jarinsa, domin talaka yana da tausayin wanda yake gani an matsa wa, kuma duk wanda ke jin haushin gwamnati mai ci ya samu inda zai fake. Bafarawa ya koma sabuwar jam'iyyarsa ta DPP, ya nemi shugabancin ƙasa a ƙarƙashinta, ya tsayar da Muhammadu Maigari Dingyaɗi takarar gwamna. Ita kuwa PDP, da ta daɗe tana kwaɗayin Sakkwato, ta riga ta yi zaɓen fidda gwani, Mukhtar Shagari ya ci. Amma da manyanta suka auna inda jama'a suka karkata, sai suka jawo Wamakko daga ANPP suka ba shi tuta, Shagari ya koma mataimaki. Aka yi zaɓen 2007 Wamakko ya yi nasara.

Wannan sauya sheƙa ta dab da zaɓe ita ce ta jawo masa shekarun shari'a. A watan Afrilun 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen saboda matsalar yadda aka tsayar da shi, aka sake zaɓe a watan Mayu ya sake ci. Shari'ar da ta biyo baya ta yi girman da har ta zama silar rikici a ƙololuwar ɓangaren shari'a na ƙasa, tsakanin Alƙalin Alƙalai na lokacin, Aloysius Katsina-Alu, da shugaban kotun ɗaukaka ƙara, Ayo Salami, wanda aka dakatar a 2011. Sannan a watan Janairun 2012 Kotun Ƙoli ta sauke shi tare da gwamnonin Adamawa, Bayelsa, Kogi da Kuros Riba, tana mai cewa wa'adinsu ya ƙare tun Mayun 2011, sake zaɓe bai sabunta lissafin shekaru ba. Ya koma filin zaɓe a watan Fabrairu ya sake ci. Wato sau uku ya tsaya neman kujerar gwamna cikin shekara biyar, sau biyu kotu tana sauke shi, sau uku jama'a suna zaɓarsa. Ko mai adawa da shi ba zai musa cewa akwai jama'a na gaske a bayan kirarin "Sai Alu" ba.

A 2013 ya sake tattara komatsansa. Uwar jam'iyyar PDP a ƙarƙashin Bamanga Tukur ta dakatar da shi a tsakiyar shekarar, a ƙarshen Agusta ya bi sahun gwamnonin da suka fice daga babban taron jam'iyyar a Abuja, a watan Nuwamba kuma shi da Rabi'u Kwankwaso da Murtala Nyako da Rotimi Amaechi da Abdulfatah Ahmed suka shiga APC. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar da aka bi: duk gwamnan da ya shigo, shi aka danƙa wa ragamar jam'iyya a jiharsa. Bafarawa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa APC, ya ga an miƙa gidan ga tsohon mataimakinsa, sai ya fice zuwa PDP, kamar yadda Malam Ibrahim Shekarau ya yi a Kano. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wannan ƙa'ida, cewa jam'iyya ta gwamna ce, ita ce mabuɗin fahimtar abin da ya sa gwamna mai barin gado yake neman majalisa ruwa a jallo.

Tsarin mulkin 1999 ya taƙaita gwamna ga zango biyu. Ranar da ya miƙa mulki, jiniya ta ɗauke, wayar da ke ƙara dare da rana ta yi shiru, waɗanda ke kwana a ƙofar gidansa sun koma ƙofar sabon ango. Shi kuwa sanata ba shi da iyakar zango. Mazaɓarsa kashi ɗaya ce cikin uku na jihar da ya mulka shekara takwas, kuma wakilan da za su zaɓi ɗan takara yawancinsu shi ya ɗora su. Don haka tikitin ba ya wahala. Wannan ne ya sa hanyar ta zama burtali: Ahmad Sani Yariman Bakura daga Zamfara, Bukar Abba Ibrahim daga Yobe, Ahmed Maƙarfi daga Kaduna, Saminu Turaki daga Jigawa da Adamu Aliero daga Kebbi duk sun bi ta a 2007, Ɗanjuma Goje ya bi a 2011, Kwankwaso da Wamakko a 2015. Wasu kan ce kariya daga tuhuma ake nema. Wannan kuskure ne ta fuskar doka, domin sashe na 308 shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu kaɗai ya kare, sanata ana iya gurfanar da shi gobe da safe. Abin da kujerar ke bayarwa wani abu ne daban: suna mai rai, ƙofa buɗaɗɗiya zuwa fadar shugaban ƙasa da ofisoshin ministoci, murya a rabon muƙaman tarayya da suka faɗo wa jiha, da kuɗin da za a ci gaba da riƙe jama'a.

Batun kuɗin nan ba ƙarami ba ne. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. Akwai kuma ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a kasafin kowace shekara, 'yan majalisa su zaɓi abin da za a yi da inda za a yi, ma'aikatu su aiwatar. Daga nan ne rijiyoyin burtsatse da fitilun kan titi masu aiki da hasken rana da babura da kekunan ɗinki suke fitowa. Idan aka kwatanta da kasafin jiha, wannan cikin cokali ne. Amma ya isa a hana tukunya hucewa.

Wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar gidan babban ɗan siyasa a Arewa ranar da ya dawo daga Abuja ba, zai yi wuya ya gane abin da nake nufi. Tun bayan sallar asuba ake shimfiɗa tabarmi a gindin katanga. Ga dattijo da takardar asibiti a naɗe cikin leda, ya riƙe ta da hannu biyu kamar za ta tashi. Ga matashi da fayil ɗin takardun makaranta, shekara uku da gama bautar ƙasa, yana neman a rubuta masa 'yar wasiƙa zuwa wata hukuma. Ga shugaban mazaɓa ya zo da ƙorafin an yi rabon taki an tsallake mutanensa. Ga mata a gefe guda da goyo, ga maroƙi yana wasa maigida tun kafin ya fito. Kowa da lalurarsa ta gaske, kuma babu wanda ya zo tambayar wane ƙuduri aka gabatar a zauren majalisa. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Mai ɗa a gadon asibiti ba shi da lokacin sauraron karatu na biyu na dokar haraji. Idan asibitin gwamnati babu magani, ofishin ɗaukar ma'aikata kuma ba ya duba takarda sai da ɗaurin gindi, dole ƙofar gidan sanata ta zama asibiti, ta zama ofis, ta zama kotu. Duk wanda ya san siyasar Sakkwato ya san gidan Wamakko na Gawon Nama a matsayin irin wannan ƙofa, kuma masoyansa da abin da suke fara yabonsa ke nan: ba ya rufe ƙofa, ba ya guje wa mutane. Wannan ita ce sana'ar da ya ƙware a kai tun zamanin ƙaramar hukuma, kuma ita ce ta riƙe shi lokacin da gwamnati ta suɓuce daga hannunsa.

Ta kuwa suɓuce. A 2015 ya mara wa Tambuwal baya, wanda a lokacin yake kakakin Majalisar Wakilai, aka haɗa shi da Ahmed Aliyu a matsayin mataimaki. Lissafin a bayyane yake: ga gwamna, ga ɗan gida a gefensa. Amma Tambuwal ba yaron da aka rena a gida ba ne, mutum ne da ya riga ya zama na huɗu a jerin masu mulkin ƙasa, yana kuma da burinsa na kansa. A watan Agustan 2018 ya koma PDP, Ahmed Aliyu ya ƙi binsa, daga baya ya ajiye muƙami ya tsaya takara. Tarihi ya maimaita kansa ƙiri-ƙiri, mataimaki ya fita ya ƙalubalanci gidan da ya baro, sai dai wannan karon Wamakko ne ke tsaye a baya.

Shekaru huɗun da suka biyo bayan ƙuri'a 342 su ne suka fi nuna amfanin kujerar. A ƙa'idar siyasar jihohinmu, jam'iyyar da ta rasa gidan gwamnati takan watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi na gwamna ne, kwangila tasa ce, ko kujerar aikin Hajji sai ta hannunsa. APC a Sakkwato ba ta watse ba, saboda tana da jagora mai muƙami, jam'iyyarsa kuma ita ke mulki a tarayya. Dingyaɗi, wanda ya yi shekaru yana shari'a da Wamakko a kan kujerar gwamna, ya zama ministan harkokin 'yan sanda a 2019 daga ɓangaren APC na jihar. Wannan ma darasi ne a kan salon mutumin, abokin hamayyar jiya yakan iya zama na hannun dama yau. Da Wamakko yana zaune a gida a matsayin tsohon gwamna kawai, da wuya a ce hakan ta yiwu. A 2023 Ahmed Aliyu ya kayar da Sa'idu Umar na PDP da tazarar da ta kusa ƙuri'a dubu hamsin, Wamakko ya koma majalisa karo na uku, shi ma Tambuwal ya bi burtalin ya zama sanatan Sakkwato ta Kudu. Tsofaffin gwamnoni biyu na jiha ɗaya, a zaure ɗaya.

Idan ma'aunin shi ne iya siyasa, babu abin da za a ce sai jinjina. Amma ni damuwata tana wani wuri. Ba don a riƙe jam'iyya a jiha aka ƙirƙiri kujerar sanata ba. Tsarin mulki ya ba majalisa aikin yin doka, da amincewa da kasafi, da tantance ministoci da manyan alƙalai, da kuma, a sassa na 88 da 89, ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayanin yadda ya kashe kuɗin jama'a. Wannan aiki ne na zama da karatu da naci, na bin takarda shafi-shafi, na yi wa minista tambayar da ba ya so. Gwamna kuwa ya saba ya faɗa a yi. Mutumin da ya shekara takwas ana miƙewa idan ya shigo, yanzu sai ya ɗaga hannu ya jira shugaban majalisa ya gan shi, mai yiwuwa ma shugaban ƙaninsa ne a shekaru da siyasa. Da yawa daga cikin tsofaffin gwamnoni ba sa jure wannan, shi ya sa ake yawan kukan cewa jikinsu na Abuja, hankalinsu na gida.

Wamakko bai rasa manyan kwamitoci ba. Ya shugabanci kwamitin ilimin firamare da sakandare a majalisa ta takwas (2015 zuwa 2019), na tsaro a ta tara (2019 zuwa 2023), na basussukan cikin gida da na waje a ta goma (daga 2023). A duba waɗannan uku da idon ɗan Sakkwato. Jihar tana cikin waɗanda suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. A shekarun 2019 zuwa 2023 ne 'yan bindiga suka mayar da gabashin jihar, su Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, wurin da manomi ke biyan haraji kafin ya shiga gonarsa. A cikin mazaɓarsa kuma, Tangaza da Gudu da ke kan iyaka da Nijar su ne inda mayaƙan ƙungiyar Lakurawa suka yi sansani shekaru kafin hedikwatar tsaro ta fito ta ambaci sunansu a ƙarshen 2024. Ba adalci ba ne a ɗora wa sanata ɗaya alhakin wannan bala'i. Ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, umarnin dakaru na shugaban ƙasa ne. Amma shugaban kwamitin tsaro yana da abin da gwamna ma ba shi da shi: kasafin ma'aikatar tsaro yana bi ta teburinsa, yana da ikon kiran minista da manyan hafsoshi su zauna gabansa. Mutumin Tangaza yana da haƙƙin ya san sau nawa aka yi amfani da wannan iko a kan abin da ya hana shi barci, me aka tambaya, me aka amsa. Wannan ce tambayar da ba a yi a ƙofar gida, ba a kuma yi a filin kamfe, inda ake auna sanata da yawan buhunan shinkafar azumi.

Akwai kuma wata tsadar ta daban. Sanatan da ya zama jagoran jam'iyya mai mulki a jiharsa yana ɗauke da kaya biyu masu karo da juna. Yana buƙatar fadar shugaban ƙasa don muƙamai da ayyuka da goyon baya ranar zaɓe, alhali ita ce aka aike shi ya sa wa ido. Wanda kake zuwa roƙo wurinsa da dare ba ka ɗaga masa murya da rana. A gida kuma, inuwar jagora takan yi faɗin da ƙananan bishiyoyi ba sa samun rana. Matashin da ke da ilimi da kishin yin aikin majalisa ya san tikiti ba ya samuwa sai an sa masa albarka, gwamna mai ci kuma kullum sai ya sha tambayar ko shi ke riƙe da akalar. Saɓanin da ya fito fili a 2024 tsakanin ɓangaren Wamakko da na Sanata Ibrahim Lamiɗo na Sakkwato ta Gabas alama ce cewa ko a cikin gida akwai masu jin rumfar ta yi musu ƙasa.

Masu kare wannan tsari suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sukan ce tsohon gwamna ya san yadda gwamnati ke aiki daga ciki, babban sakatare ba zai ruɗe shi da turanci ba, kuma idan ya ɗaga waya minista zai ɗauka. Gaskiya ne. Sabon shiga yakan shafe shekara biyu yana koyon hanyar ofisoshi. Jihar da ke da sanata mai nauyi takan fi samun rabo a kasafi. Abin da nake cewa shi ne, wannan nauyi amana ce, kuma ya kamata a iya ganin inda aka sauke shi.

A nan ne kuma tsarin majalisar kansa yake taimaka wa kowane sanata ya ɓuya. Yawancin hukunce-hukuncen Majalisar Dattawa da murya ake yanke su. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya saurari wace hayaniya ta fi ƙarfi, ya buga guduma. Babu rajistar da za ta nuna wane ne ya ce e, wane ne ya ce a'a, wane ne ma ba ya cikin zauren. A watan Yulin 2021, lokacin muhawarar aika sakamakon zaɓe ta na'ura, an tilasta ƙirga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa, aka tashi 52 da 28, wasu 28 kuma ba su halarta ba. Ranar ce 'yan Najeriya da dama suka fara jin muryar sanatansu a kan wani batu, kuma sunayen sun yi ta yawo a wayoyin mutane har mako ya zagayo. Amma a watan Maris na 2025, da aka zo amincewa da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, matakin da tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa, da murya aka wuce da shi. Ɗan Gudu ko Silame ko Binji da yake son sanin inda wakilinsa ya tsaya a wannan rana, ko a ranakun da aka amince da ciyo bashin da jikokinsa za su biya, babu takardar da zai buɗe ya gani.